Waƙar Gwaji da Taguwar Abu Nasir

Kusan kowace Juma'a, in an sallame a masallacinmu na unguwar Mansura a nan Doha, sai wani cikinku ya tare ni kafin in gama saka takalmi. "Baba Sabi'u, don Allah ka koya mini haɗa sauti a mota, wallahi na gaji da tsayuwar gadi." In na tambaye shi me ya sani game da aikin, sai ya ce ai ba wuya, jar waya da ja, baƙa da baƙa, a naɗe da salatif, khalas. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ya ce ya riga ya kalli bidiyo a salularsa, kayan aiki kawai zan ara masa. Bakina ya gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya san abin da yake roƙo.

Ni ma da gadi na shigo ƙasar nan, kamar ku. A Zariya gyaran rediyo nake yi a Tudun Wada, amma da na sauka Doha sai aka ba ni hula da tocila aka tsayar da ni a ƙofar wani bene a Mirqab. Wata rana wani ɗan Filifin mai suna Rodel, gajere mai ɗaure gashi a ƙeya, ya zo saka wa wani ɗan haya sifika a motarsa. Yana cikin aiki ƙarfen narka dalmarsa ya mutu. Na karɓa, na buɗe da bakin wuƙar yankan farce, na haɗa inda ya tsinke, na miƙa masa. Ya dube ni, ya dubi hular gadin, ya ce, "Kai me kake yi a nan?" Shi ya yi wa mai shagonsu na Rayyan magana aka mayar da kafalata, wato izinin zamana da aikina a ƙarƙashin wani, can.

Motar farko da na shiga a shagon farar jif ce, mai ita ya ce sautinta "ba tsabta". Na ɗauko sukudireba zan ɓalle ƙofa, Rodel ya fizge ta daga hannuna. Ya zaunar da ni a kujerar direba, ya rufe ƙofofi, ya tura wani faifai a rediyon. Wata irin hayaniya ta tashi, kamar an zubar da kwanukan gidan biki daga saman bene. Da ta ƙare ya ce, "Me ka ji?" Na ce, "Oga, na ji faɗa." Ya ce in sake saurara. Haka muka yi ta yi, mota bayan mota, ni aikina zama da sauraro, har na fara tunanin ko mutumin nan ya raba ni da gadi ne don ya haukata ni.

Waƙar wasu Turawan Ingila ce masu kiɗan rok. Rodel ya ce irin waɗannan in za su fitar da albam, sai su zaɓi waƙa ɗaya su fara sakinta a gidajen rediyo, ta je ta yi wa sauran talla, kamar yadda mai tsire yake yanko maka ɗanɗano. Faifan nasa ita kaɗai ce a ciki. Ya saye shi tun yana aikin jirgin ruwa, a bayansa akwai hoton wasu ramammun samari da ke kallon ƙasa kamar an hana su abincin dare. Har yau ban san abin da mai waƙar yake faɗi ba. Na taɓa tambayar Rodel, ya ce shi ma bai sani ba, amma yana jin wata ce ta tafi ta bar shi.

Dokar Rodel ɗaya ce: waƙa guda za ka riƙe har ka tsufa, ka san ta kamar muryar mahaifiyarka. In ka san yadda take a lafiyayyar sifika, duk sifikar da ba ta da lafiya da kanta za ta faɗa maka ciwonta. Wannan waƙa kuwa kamar don mu aka yi ta. Da ƙwanƙwasar sanda take farawa, sai ganga ta doke ka a ƙirji, sai wata jita mai kauri ta shigo tana gurnani kamar injin markaɗe, a nan ne duk ƙofar da ta saki za ta yi zuzzz. Sai siririyar jita ta fito ta hagu, wata ta amsa mata ta dama. In ka ji sun musanya wuri, wani ya juya wayoyi. Sannan mutumin ya ƙwalla ihu irin na wanda aka datse wa yatsa da ƙofar mota, in ƙaramar sifikar sama ta ƙone a nan za ka kama ta. A tsakiya komai yakan tsaya cak, ba ka jin komai sai numfashinsa, kuma a wannan shirun ne ƙugin inji ke fitowa in an ɗaura wayar ƙasa a kan fenti maimakon ƙarfe zalla. Mita da filaya da fiyus duk kuna iya saya a kanti. Wannan kuwa sai an zauna an saurara.

Masu kawo mota iri-iri ne. Samarin ƙasar so suke in sun tsaya a danja shayin mutumin motar gefe ya zube. Akwai wani likita ɗan Kano, mutumin kirki, da ya kawo motarsa don yana son jin tafsiri sosai a hanyar asibiti. Na gama aiki, na kunna waƙar gwaji. Ya yi tsalle baya ya ce, "A'uzubillahi! Malam, da gemunka?" Na ce, "Dokta, ba ji nake yi ba, aiki nake yi." Ya koma can gindin bango ya toshe kunnuwa har na gama. Ya ci gaba da kawo mota, amma kullum sai ya tambaya ko na tuba.

Sai mummunar shekara ta zo. Sababbin motoci suka fara zuwa da komai a liƙe daga kamfani, allo ne kawai, in ka taɓa ka ɓata garanti. Aiki ya yi ƙasa, mai shago ya ba da wurin aka mayar da shi gidan shan gahawa. Rodel ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar mini faifan. Allah ya taimake ni na kwafe waƙar a salulata, don faifan kansa na bar shi a gaban mota wata ranar bazara, na dawo na tarar ya nannaɗe kamar ganda. Mai shago ya kira ni ya ce ba ya so ya cuce ni, amma ko in samo wanda zai karɓi kafalata, ko ya yanka mini tikiti. A gida kuwa yara na makaranta, ga mahaifiyata a kwance, ga ginin da na fara ko rufi babu. Komawa Zariya a lokacin, in zauna jiran rediyon da ba wanda yake kawowa gyara, abin tsoro ne a gare ni, kuma na ji tsoron sosai.

Ina cikin wannan hali Usman ya kira ni. Usman Basudane ne, amma kakanninsa Hausawa ne da suka tafi hajji a ƙasa suka yada zango a can, yana jin wata tsohuwar Hausa mai daɗi. Aikinsa horar da raƙuman tsere a Shahaniya, a garken wani dattijo, Abu Nasir. Ya ce, "Ɗan'uwa, ɗan ƙarfenmu ya yi bebe, zo ka duba."

Ga waɗanda ba su taɓa zuwa ba: raƙuman tsere a nan ba mutum ke hawansu ba. Wani ɗan mutum-mutumi ake ɗaurawa a bayan tozo, bai fi jariri ba, an sa masa riga da hula, a cikinsa akwai injin huda katako da aka ɗaura wa bulala. A ƙirjinsa akwai oba-oba. Masu raƙuma kuma sai su cika jif-jif su bi gefen fili, kowa na danna rimot yana ihu a tasa oba-obar, muryarsa na fitowa a bayan raƙuminsa. Wato dabba na gudu, ɗan ƙarfe na dukanta, mai ita na zaginta daga cikin sanyin mota.

Wadda aka ɗaura wa beben taguwa ce mai suna Za'farana, ja, doguwa, kyakkyawa, kuma ba a taɓa yin malalaciya irinta ba. Usman ya ce duk tseren da ta shiga ita ke rufe ƙofa, har motar asibitin dabbobi takan yi mata hon. Abu Nasir ya riga ya yanke shawarar rabuwa da ita. Na hau wani bokiti, na buɗe ƙirjin ɗan ƙarfen, na tarar rairayi ya cika sifikar, waya ɗaya kuma ta ci. Na busa, na goge, na liƙa da dalma. Da na gama sai na yi abin da hannuna ya saba: na ɗauki ɗaya oba-obar, na kara salulata a bakinta, na kunna waƙar gwaji.

Da sandar ta ƙwanƙwasa, Za'farana ta daina tuƙa. Da ganga ta faɗo, ta miƙe wuya. Da injin markaɗen ya shigo, sai na ga bokitin da nake kai ya tashi, ni ma na tashi. Kafin in tofar da rairayin bakina ta yi nisa, Usman na maƙale da igiya yana jan ƙasa yana salati, har ya saki.

Abu Nasir na zaune a inuwa a kan darduma, da sandarsa da gemunsa mai lalle. Ya taso a hankali ya zo kaina. "Shinu hada?" Wato mene ne wannan. Na ce, "Baba, waƙar gwaji ce, ka yi haƙuri." Ya ce in kunna masa. Ya saurara fuska a murtuke har ƙarshe, ya ce, "Wannan kiɗan shaiɗanu ne." Ya dubi ƙurar da ba ta gama kwanciya ba. Sannan ya ce, "A kamo ta a sake sakawa."

Dattijon bai miƙa wuya nan take ba, ya so ya samo abin da ya fi mutunci. Aka gwada mata gangunan ƙasar, ta yi hamma. Aka gwada kiɗan Sudan, ta sosa wuya a jikin shinge. Ɗansa Nasir, wani ƙaton mutum mai fara'a da ke aiki a banki, ya kawo wasu waƙoƙin Turawan masu hayaniya iri ɗaya, ta yi kunnen uwar shegu da su. Tawa kaɗai take so. Abu Nasir ya karɓi kafalata, amma bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Ya Sabi'u, igiya ɗaya ta ɗaure ku kai da ita. Akwai babban tsere a ƙarshen sanyi. In ta shigo cikin goman farko, ta zauna, ka zauna. In ba ta shigo ba na sayar da ita, kuma ni ban san me zan yi da makaɗin taguwa ba in babu taguwa."

Kada ku ɗauka wannan aikin ma wasa ne. Zama nake a bayan jif, Nasir na tuƙi, Abu Nasir a gaba da rimot ɗin bulala. Salula ba a manna ta da oba-oba, sai sautin ya fashe. Ba a nisanta ta, sai hon ɗin motoci ya cinye ta. Sai ka dunƙule hannu ka yi musu ɗan ɗaki, motar kuwa tana tsalle a kan rairayi. Waƙar ta fi tseren gajarta, don haka dole ka mayar da ita farko ba tare da an ji giɓi ba. Shirun nan na tsakiya ma matsala ne, don da numfashin Baturen ya fito sai ta rage gudu ta saurara, sai mun cike wurin da ihun Abu Nasir. A haka ta tashi daga ta ƙarshe ta koma tsakiya, daga tsakiya ta fara leƙo gaba. A ɗakinmu na Mansura kuwa sunana ya koma Dije Raƙumi, wato DJ ɗin raƙumi, har mai shagon shayi ya ɗauka sunan yanka ne.

Ranar babban tsere mun isa fili da sassafe. Ina tsaye a gefen Za'farana ina ɗaure ɗan ƙarfen, salulata na aljihun gaba. Na ɗan kunna waƙar ƙasa-ƙasa don in tabbatar batir bai yi sanyi ba, abin da nake yi kullum. Ranar dai ta gano daga ina masoyinta yake fitowa. Ta juyo da wuya, ta saka leɓe a aljihuna, ta zare salular kamar mai ɗaukar dabino. Na ji ƙaras. Na kama muƙamuƙinta ina roƙonta da Hausa, Usman na roƙonta da Larabci. Abin da ta tofar mana ko mai gwangwan ba zai karɓa ba.

Ana ta kiran a kawo raƙuma bakin layi. Nasir ya dafa ni yana dariya ya ce, "Mafi mushkila, ba matsala, ya Sabi'u, komai yana intanet." Na faɗa masa sunan da ke jikin tsohon faifan, ya lalubo, ya ce ga ma albam ɗin gaba ɗaya ya saya, tamu ce ta farko a jeri. Na ce in ji tukuna. Abu Nasir ya leƙo ta taga ya ce, "Yalla, yalla, maza mota!" Aka tura ni ciki.

Aka ɗage shinge, raƙuma suka zubo, motoci suka zabura. Na kara salular Nasir a oba-oba na danna. Ina jiran ƙwanƙwasar sanda, sai na ji ruwan sama. Ruwan sama sosai, yaf-yaf-yaf, da tsawa can nesa. Bayan ruwan sai wani fiyano ya fara tafiya a hankali kamar mai raka gawa. Ashe wadda suke fara saki a rediyo yanke mata kai suke yi don ta shiga kunne da wuri, ta cikin albam kuwa da doguwar shimfiɗarta take zuwa. Ni da na yi shekaru ina rantsuwa na san waƙar nan, ashe rabin saninta na yi, Rodel ma haka.

Za'farana ta bi ayari kaɗan, sannan ta rage gudu. Ta juyo da kai ta dubi ɗan ƙarfen da ke bayanta, irin kallon da ake yi wa wanda ya zo biki da kayan makoki. Ta tsaya.

"Wuce ruwan! Wuce ruwan!" in ji Abu Nasir. Nasir ya miƙo hannu baya yana tuƙi ya danna, sai ya tsallake zuwa waƙa ta biyu. Wannan kuwa wani ne ke kuka a hankali da jita guda, kamar marayan da aka manta a tasha. Za'farana ta lanƙwasa ƙafafun gaba, ta lanƙwasa na baya, ta durƙusa a tsakiyar filin tsere ta fara tuƙa. Abu Nasir ya danna rimot, ɗan ƙarfe ya yi ta karkaɗa bulala, ko a jikinta. Nasir ya taka birki, salular ta suɓuce ta shige ƙarƙashin kujera, ana jin marayan yana ci gaba da kukansa daga can.

Abu Nasir bai yi faɗa ba. Ya ajiye rimot a cinya ya ce a hankali, "Khalas," wato shi ke nan. Wannan kalma ta fi mini zagi ciwo. Na ga filin jirgi, na ga jakata, na ga ginin nan marar rufi.

Ku sani mu gidanmu ba a waƙa. Mahaifina ladan ne a unguwarmu har ya rasu, kakata ko tafi ba ta yi a gidan biki. Ni ban taɓa rera komai a gaban mutum ba, ko a banɗaki. Amma oba-obar na hannuna, waƙar kuma tana cikin kaina, ba inda ban sani ba a jikinta. Na danna maɓalli. Na ƙwanƙwasa sandar da harshe. Na buga gangar da ƙirji, dum, dum-dum. Na toshe hanci na saki injin markaɗe.

Kunnen Za'farana ya motsa.

Na yi jitar hagu da gefen baki, na amsa da ta dama. Da aka zo wurin magana sai na tuna ban san kalma ko ɗaya ba, don haka na zuba abin da ya zo bakina, unguwannin Zariya: Tudun Wada, Kwarbai, Tukur-Tukur, Sabon Gari, Samaru, kowace a kan gaɓar da Baturen ke ajiye tasa. Sannan wurin ihu ya zo. Ashe maƙogwaron mahaifina yana nan a wuyana ban sani ba. Allah ya gafarta mini abin da na yi da gadon. Na ƙwalla shi har Nasir ya dafe kai, Abu Nasir ya ce, "La ilaha illallah!"

Ta miƙe da baya, ta miƙe da gaba, ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Abin da ya biyo baya ban gan shi sosai ba, don idona a rufe yake. Ina dai jin motar na tsalle, Abu Nasir na dukan gaban mota da sanda yana cewa, "Zid, ya Sabi'u, zid!" wato in ƙara. In na kai ƙarshe sai in koma farko. Shirun tsakiya ma na tsallake shi, tunda yanzu ni ne mai waƙar. Da muka kamo ayarin motoci sai na ji hon ya ragu, na buɗe ido ɗaya na ga an sauke gilasai, manyan mutane da fararen riguna sun bar raƙumansu suna kallon wani baƙin dattijo mai gemu yana kiran Tukur-Tukur da jijiyoyin wuya a waje. Kunya ta kama ni kamar in nutse, amma ban saki maɓallin ba. Za'farana na wuce su ɗaya bayan ɗaya, kumfa na zuba a bakinta, ni ma haka.

Ta goma ta zo, da tsinin leɓe. Abu Nasir ya fito daga mota, bai je wurin taguwarsa ba, ya buɗe ƙofar baya ya kama kaina ya goga hancinsa a nawa, gaisuwar da suke yi wa ɗan'uwa. Na so in ce na gode, murya ta ƙi fita. Sai da na kwana biyu ina magana da hannu.

Na ɗauka shi ke nan, an tsallake. Na aika wa Rodel saƙo ya nemo ya turo mini ainihin waƙar, mai farawa da sanda. Ranar horo na kunna mata da murnata. Ta saurara, ta dubi ɗan ƙarfen, ta dube ni, ta ci gaba da tuƙa. Usman ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce, "Ɗan'uwa, ta ji ta gaske, ba za ta koma wa ta Bature ba." Haka na zama mawaƙin taguwa na sosai. Aka dinga dafa mini citta da zuma kafin tsere, aka hana ni ruwan sanyi, Abu Nasir da kansa yake kashe na'urar sanyaya mota saboda maƙogwarona, kowa na gumi ba mai cewa uffan. Ni da ita likita ɗaya ne ya rage bai haɗa mu ba. Na yi ta rera unguwannin Zariya a hamada har ta girme wa tsere aka mayar da ita garke ta haihu.

Abu Nasir ya cika alkawari har da ƙari. Bai yanka mini tikiti ba, ya samar mini gurbi a wani shagon sauti a Rayyan, inda nake har yanzu. Na yi murna ƙwarai da na sake riƙe sukudireba.

Motar farko da aka ba ni ta wani direba ce ɗan Katsina, tsohuwar mota, na saka masa sababbin sifiku a ƙofofi. Na zauna a kujerar direba, shi yana gefe, na rufe ƙofa na kunna waƙar gwaji. Sanda ta ƙwanƙwasa, ganga ta faɗo. Sai na ji ƙafafu a kan rairayi, na ji hon, na ji "zid, zid", maƙogwarona ya fara buɗewa da kansa, leɓena na kiran Kwarbai. Na saurara har ƙarshe, na kashe, na ce masa, "Lafiya lau, aiki ya yi."

Ya sosa ƙeya cikin jin nauyin babba. Sannan ya nuna ƙofar hagu ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba ka ji wannan tana zuzzz ba?"

Na sake kunnawa, na kara kunnena a jikin ƙofar. Tana yi kuwa, da ƙarfi ma, ko kurma zai ji. Tun da na fara sana'ar nan mai mota bai taɓa riga ni jin ciwon motarsa ba sai ranar, kuma abin ya yi mini zafi fiye da duk dariyar da aka yi mini a Shahaniya. Na ɓalle ƙofar na ɗaure abin da ya saki.

Waƙar ta tashi daga aiki, ta zama ta Za'farana. Yanzu wata nake koyo, da furfurata, ina zama a motocin mutane ina saurare kamar sabon shiga, kuma har yau ba ta zauna mini a kunne ba. In na gama aiki sai in juya in tambayi mai motar, "Kai me ka ji?"